Maraɗi zuwa Yamai a jirgin sama: awa ɗaya da ƴan mintoci, amma daga Birnin Lalle awa nawa ne?



Akwai tambayar da ke yawan shigowa shirinmu, musamman in lokacin aikin hajji ya ƙarato, ko in an ce wa wani ya kai majinyacinsa babban birni: wai shin daga Maraɗi zuwa Yamai awa nawa ne a jirgin sama? Amsar a taƙaice ita ce awa ɗaya da ƴan mintoci. Mai tambaya kan yi shiru in ya ji haka, don ya san irin wunin da yake yi a cikin kar kafin ya hango fitilun Yamai. To amma Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan awa ɗayan gaskiya ce, sai dai ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lissafin mutumin da ƙofar gidansa take Birnin Lalle. Yau za mu zauna mu yi lissafin duka, mu ga inda lokacin ke tafiya, da kuma wanda ya kamata mu tambaya.

Abin da taswira ta ce

In ka ɗauki zare ka miƙe shi a kan taswira daga Maraɗi zuwa Yamai, nisan bai wuce kilomita 540 ba. Garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke, Maraɗi a gabas, Yamai a yamma. Hanyar mota kuwa ba ta san miƙewa ba. Tana bin garuruwa: Tsibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Wannan lanƙwasar ce ta mayar da nisan kilomita kusan 660. Ke nan akwai rarar kilomita ɗari da wani abu da mota ke ci, jirgi bai san da su ba.

Sai kuma gudu. Jiragen da aka saba amfani da su a cikin gida masu farfela ne, irin Fokker 50 da kamfanin Niger Airlines ya fara jigila da su a 2014, masu ɗaukar mutum hamsin. Irin waɗannan na cin kilomita wajen 500 a awa guda in sun daidaita a sama. Ka haɗa da lokacin tashi da na sauka, sai tafiyar ta kama awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi. Manyan jirage irin na alhazai sun fi haka gudu, suna wuce kilomita 800 a awa.

Kar ɗin kamfanonin da muka sani, irin su Rimbo, STM da SONEF, yakan tashi Maraɗi da asuba. Ga tsayawar salla, ga ta cin abinci a Ƙonni ko Dogon Dutsi, ga shingayen jami'an tsaro, ga wuraren da kwalta ta ci ta lalace. In an yi sa'a, awa goma ko sha ɗaya. In ba a yi ba, sai dare.

Awa ɗaya da rabi a gefe guda, awa goma a ɗaya gefen. Kowa ya ga wannan zai ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, yanzu ma aka fara.

Agogon matafiyi daga ƙofar gida yake farawa

Mutumin Birnin Lalle ba a filin jirgi yake kwana ba. Sai ya fara fita bakin hanya ko ya shiga Dakoro, wani a kan kabu-kabu, wani a amalanke in daga ƙauye ya taso. Sai ya samu mota, ya jira ta cika. Daga nan zuwa Maraɗi ta Kornaka da Tsibiri akwai kilomita ɗari da ashirin da ɗoriya. Da jiran da tafiyar, ka ba shi awa uku, ba ka zalunce shi ba.

A filin jirgi ba a zuwa a ƙurarren lokaci. Ana son fasinja ya iso da awa ɗaya ko biyu kafin tashi, a duba takardunsa, a auna kayansa. Bayan an sauka a filin Diori Hamani kuma sai jiran kaya da neman tasi zuwa cikin gari. In ka tara duka, mutumin da jirginsa ya yi awa ɗaya da rabi a sama ya ci awa shida ko bakwai daga gidansa zuwa masaukinsa. Har yanzu ya riga mai kar isa, wannan babu musu. Amma ratar ta ragu ƙwarai, daga ninki bakwai ta koma kamar ninki biyu.

Kuma wannan lissafin na ranar da akwai jirgi ne. Nan ne gizo ke saƙar. Kar na tashi kullum, kamfani fiye da ɗaya, wasu ma sau biyu a rana. Jirgin cikin gida kuwa yana da ranakunsa. In buƙatarka ta taso ran Talata, jirgi kuma sai Alhamis, to mai kar ya je Yamai, ya ga likita, ya sayi magani, kai kana Maraɗi kana biyan kuɗin masauki. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, a nan ma har ta riga sauri isa.

Ga kuma yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauko ya rufe gari, matuƙi ba ya sauka inda ba ya ganin ƙasa da kyau, sai in filin yana da na'urorin da za su jagorance shi. A damina kuma hadari mai iska kan sa a jinkirta tashi. Mota ma ba ta tsira daga damina ba. Ba mu manta da watan Agustan 2024 ba, lokacin da ruwa ya yanke babbar hanya a kusa da ƙofar Yamai, motoci suka yi jerin gwano, fasinjoji suka rasa gaba suka rasa baya. A irin wannan rana ce mutum ke gane cewa ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu 267 ba ta kamata ta rataya duka a kan kwalta guda ɗaya ba.

Akwai wasu ƙananan jirage da mutanen Maraɗi ke gani suna sauka, har wasu su ɗauka na haya ne. Da yawansu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, waɗanda Hukumar Abinci ta Duniya ke kula da su don jigilar ma'aikatan agaji tsakanin Yamai da jahohi. Ba a sayar wa kowa da kowa tikitinsu. Don haka ganin jirgi a sama ba ya nufin akwai kujerarka a ciki.

Me ya sa tikitin ke da tsada

Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Tikitin jirgi na zuwa Yamai da dawowa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Manomin da ke jiran kaka ya sayar da wake ko gyaɗa, shi ba a ma sa shi a wannan lissafi.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Jirgi ko da mutum goma ya tashi, ko da hamsin, man da zai sha kusan ɗaya ne. Albashin matuƙa ɗaya ne, kuɗin sauka a fili ɗaya ne, inshora da gyara ɗaya ne, kayan gyaran ma daga waje ake sayo su da kuɗin waje. In kujeru sun cika, nauyin ya rabu a kan mutum hamsin. In rabi ne, kowane fasinja ya ɗauki nauyin mutum biyu. Daga nan sai abin ya zama zagaye: tsada ta hana mutane shiga, rashin mutane ya sa kamfani ya rage ranakun tashi, rage ranakun ya sa ɗan kasuwar da ke da kuɗin ma ya daina dogara da jirgin ya koma motarsa, sai tikiti ya ƙara tsada. Wannan ciwon ba na Nijar kaɗai ba ne. Air Afrique, da ƙasashe da dama suka haɗa hannu suka kafa, ya durƙushe a 2002, kuma tun daga lokacin kamfanoni da yawa sun taso a yankinmu sun faɗi.

Gini kam an yi. An yi wa Maraɗi kwaskwarima lokacin bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamba 2015, filin jirginta na ciki. An sabunta filin Diori Hamani a 2019, gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na Turkiyya ne ya yi aikin. Amma fili daban, jigila daban. Kasuwa ba rumfuna ba ce, ranar ci ce ke mayar da ita kasuwa. Filin da ba a san ranar jirginsa tabbas ba, rumfa ce kawai mai kyan fenti.

Maniyyaci ya yi yamma kafin ya yi gabas

Ga mafi yawan mutanenmu, in Allah ya nufa za su shiga jirgi sau ɗaya a rayuwa, to na Makka ne. A nan ne wannan lissafi ya fi taɓa mu.

Daga Yamai zuwa Jidda a miƙe kilomita dubu huɗu ne da ƴan kai. Babban jirgi na cinye su cikin awa biyar zuwa biyar da rabi in hanya a buɗe take. Daga Maraɗi zuwa Jidda kuwa wajen kilomita 3,500 ne. Ma'ana Maraɗi ta fi Yamai kusa da ƙasa mai tsarki da kilomita ɗari biyar. Amma galibin maniyyatanmu daga Yamai suke tashi. Tsoho ko tsohuwa daga Birnin Lalle sai su yi tafiyar kilomita kusan 800 a mota, suna ba wa alƙibla baya, kafin su shiga jirgin da zai juyo da su gabas.

Ku sake ɗaukar zaren nan, ku ɗora bakinsa ɗaya a Yamai, ɗayan a Jidda a kan ƙwallon taswirar duniya. Za ku ga ya ratsa ta arewacin Dakoro kaɗan. Wato bayan wuni guda a kar, da kwanakin jira a Yamai, alhajinmu na iya wucewa ta saman yankinsu cikin ƙasa da awa ɗaya da tashi. Abin dariya ne in ana labari a majalisa, amma ga mai shekara saba'in da ciwon ƙafa ko hawan jini, ba abin dariya ba ne. Awa biyar na jirgi ba su ne ke gajiyar da alhazai ba. Hanyar zuwa Yamai ce, da kwanan jiran a kira jirgi, da kuɗin guzurin da ke narkewa tun ba a bar ƙasa ba. A dawowa ma haka: mutum ya sauka a gajiye, da tari, da kaya, ga kuma kilomita 800 na jiransa.

Maƙwabtanmu na kudu sun rage wa alhazansu wannan wahala. Na Katsina daga filin Umaru Musa Ƴar'aduwa suke tashi, na Sakkwato daga Sakkwato, na Kano daga filin Malam Aminu Kano. Katsina kuwa ba ta kai kilomita ɗari daga Maraɗi ba. Jahar Maraɗi, da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum sama da miliyan uku, ga ƴan kasuwa da malamai masu zuwa hajji da umara kowace shekara, ba ta rasa fasinjan da zai cika jirgi ba.

Gaskiya ne ba kowane fili ne babban jirgi ke sauka ba. Yana son titi mai tsawo da ƙarfin ɗaukar nauyinsa, da motocin kashe gobara daidai girmansa, da wurin shan mai, da fitilun saukar dare, da ƴan sandan iyaka da duwan da za su buga wa mutane fasfo. Duk waɗannan kuɗi ne. Amma lissafi ne da za a iya yi a fili: nawa za a kashe a cika waɗannan sharuɗɗa, nawa kuma dubban maniyyatan Maraɗi ke kashewa kowace shekara a kan hanya da masauki? Hukumar COHO mai shirya aikin hajji da umara da hukumar kula da jiragen farar hula su ne ke da alƙaluman da za su amsa wannan.

Kada kuma mu manta inda aka fito. Kakanninmu a ƙasa suka yi wannan tafiya, ta Kano da Borno, su ratsa Cadi, su shiga Sudan, su yi noma ko ƙodago a hanya su tara guzuri, har su kai bakin Bahar Maliya. Wasu shekara biyu, wasu bakwai, wasu ba su dawo ba. Hausawan da ke zaune a Sudan har yau, da yawansu jikokin waɗannan matafiya ne. Wanda ya san wannan ba zai raina awa biyar ba. Sai dai godiya ba ta hana a gyara abin da ke gyaruwa.

Siyasa na ƙara wa hanya tsawo

Wani abin da shekarun nan suka koya mana shi ne, nisan da ke kan taswira ba ya canzawa, amma lokacin tafiya yana hannun masu mulki. Sama ma tana da iyakoki da ƙofofi kamar ƙasa, kuma ana rufe su.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Sudan kuwa ita ce a tsakiyar hanyarmu ta zuwa Jidda da Madina. Dole jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin ya dawo kan maniyyaci. Mutumin da bai taɓa ganin Khartum ba ya biya kuɗin yaƙinta.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijar ta rufe nata sararin a farkon Agusta, aka sake buɗe shi a farkon Satumba. A cikin wannan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka ƙara ɗaruruwan kilomita suna kauce mana. A lokacin ne duniya ta tuna cewa samanmu babbar hanya ce. Air France ya dakatar da zuwa Yamai, daga baya hukumomi suka hana jiragen Faransa ratsa sararin ƙasar. Da can Yamai zuwa Paris kai tsaye kilomita kusan dubu huɗu ne, awa biyar da rabi. Wanda ya bi ta Kasabalanka yanzu zai yi wajen kilomita 2,400 a zangon farko, 1,900 a na biyu. Ƙarin nisan bai kai kilomita ɗari biyar ba, amma zaman jiran jirgi na biyu na iya mayar da tafiyar rabin wuni ta zama wuni da kwana.

Mu a nan, rufe iyakar ƙasa ya fi yi mana ciwo. Kano ta fi Yamai kusa da mu: daga Maraɗi ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, kilomita ɗari biyu da wani abu ne. Tun 1936 filin jirgin Kano ke aiki, shi ne mafi daɗewa a Najeriya, kuma tun da daɗewa ƴan kasuwar Maraɗi ke tashi daga can zuwa ƙasashen Larabawa. Da takunkumin CEDEAO ya zo, aka datse wannan hanya wata bakwai da ɗoriya, har sai da aka ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris. A tsakanin nan har zirga-zirgar jirage tsakanin ƙasashen biyu sai da aka dakatar. Kano da Yamai a sama kilomita wajen 700 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi. Amma ba kowane lokaci ake samun jirgi kai tsaye ba, sau da yawa sai mutum ya biya ta wani birnin, ya kashe wuni a tafiyar da ba ta kai tsawon wasan ƙwallo da hutunsa ba.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan, kuma ba shi muke tattaunawa yau ba. Abin da ya shafi matafiyi shi ne, kowace sabuwar doka a kan takardu ko iyaka ko izinin sauka, awanni ce ake ƙara masa ko ake rage masa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021, shi ma a wannan ma'auni za mu auna shi: ranar da ya fara aiki, zai kusanto mana da filayen jiragen Katsina da Kano, in iyaka a buɗe take.

Ga ƴan uwa na waje masu aiko da tikiti

Da yawa daga cikinku ku ke biya wa iyaye kujerar Makka ko umara, ko ku sayo wa ƙane tikiti ya same ku. Allah ya saka da alheri. Ga ƴan abubuwan da ya kamata ku duba kafin ku tura kuɗi.

Lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da ake tashi ne da na garin da ake sauka, kowanne da agogonsa. Nijar da Najeriya da Aljeriya agogonsu ɗaya. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, Libiya da awa ɗaya. Gana, Togo da Kodebuwa kuma mu muka riga su da awa ɗaya. In tikiti ya ce tashi ƙarfe goma na dare daga Yamai, sauka ƙarfe biyar da rabi na asuba a Jidda, ba awa bakwai da rabi ba ne, biyar da rabi ne. Haka kuma tikitin da aka rubuta ƙarfe ɗaya na dare ran Juma'a, daren Alhamis ake zuwa fili. Wannan kaɗai ya sa mutane da dama sun iso sun tarar jirginsu ya tashi tun jiya.

Ku duba zango nawa ne, da awa nawa za a zauna a tsakani. Tikiti mai araha sau da yawa shi ne mai dogon jira. Saurayi zai iya kwana a kan kujera a Adis Ababa ko Istanbul. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci ko Turanci, ba ta taɓa hawa matakala mai tafiya da kanta ba, kada a bar ta ita kaɗai a irin wannan wuri don a rage jika ashirin.

Sunan da ke kan tikiti ya zama harafi da harafi irin na fasfo. Mu nan mutum ɗaya na iya zama Mamman a gida, Mahamadou a katin ɗan ƙasa, Muhammad a bakin mai sayar da tikiti. Na'ura ba ta san ƴan uwantakar waɗannan sunaye ba.

Sannan ku sa kwanakin hanya a lissafi. Wanda zai tashi daga Yamai, ya bar Birnin Lalle da kwana biyu a hannu, a damina ma uku. Kuɗin kar, na masauki da na abinci a Yamai, duk cikin kuɗin tafiyar suke, ko da ba a rubuta su a tikiti ba. Kuma a sayi tikiti a hannun kamfani ko wakilin da ke da ofis da rasit, ba a hannun lambar salula da ba a san mai ita ba.

Abin da ya kamata mu nema

Wani zai ce, mu da ke fama da ruwan sha da takin zamani, ina ruwanmu da jirgin sama? Tambaya ce mai kyau. Mu ma ba mu ce a gina filin jirgi a Dakoro ba. Lissafin da muka yi ya nuna cewa mafi yawan lokacinmu a ƙasa yake salwanta. Saboda haka buƙatar farko ita ce hanya: a kula da kwaltar Dakoro zuwa Tsibiri kafin ramuka su cinye ta, a gyara hanyoyin ƙauyuka da ruwa ke yankewa a damina. Awa ɗayan da aka rage a wannan hanya, kowa ya amfana da ita, da mai zuwa filin jirgi da mai naƙudar da za a kai asibitin Dakoro ko Maraɗi.

Na biyu, jigilar Maraɗi da Yamai ta zama mai ranaku tabbatattu da ake sanarwa a rediyo kamar yadda ake sanar da farashin hatsi. Ko sau uku ne a mako, in an san ba ya saɓawa, ɗan kasuwa zai tsara tafiyarsa a kai, ma'aikaci ma haka, kujeru su cika, farashi ya sauko. In gwamnati na biya wa jami'anta tafiye-tafiye, to ta sayi kujerun nan a kai a kai, ta zama ita ce ginshiƙin da zai riƙe layin har ya tsaya da ƙafarsa.

Na uku, majinyata. Akwai cututtukan da har yanzu sai Yamai ake iya duba su, ciwon daji na cikinsu. Wanda ke cikin ciwo, awa goma a kar azaba ce, wani ma ba ya kaiwa. Ware kujera biyu ko uku a kowane tashi, da rangwame, ga wanda likita ya rubuta wa takardar turawa, ba zai karya kamfani ba in hukuma ta cike gurbin.

Na huɗu, tashin alhazai daga filayen jahohi ya zama abin da aka saba kowace shekara, a sanar da shi tun lokacin biyan kuɗi, ba sai ana saura mako guda ba. Sarakunanmu, malamanmu da shugabannin ƙananan hukumomi suna da bakin faɗin wannan a inda za a ji, ƴan kasuwar Maraɗi kuma suna da nauyin da za su sa a saurara.

Zumunta a ƙafa take, haka muka taso muka ji. Yau ƙafar ta haɗa da taya da fiffike, amma ma'aunin bai canza ba: yaushe ka bar gida, yaushe ka isa, nawa ka kashe, kuma a wane hali ka isa. Duk mai yi mana alƙawarin awa ɗaya, mu tambaye shi sauran awannin.

Za mu ci gaba da wannan magana a shirinmu na kai tsaye. Alhazan da suka sauke farali a shekarun nan, muna son jin kwana nawa kuka yi tsakanin barin gida da shiga jirgi. Direbobin layin Dakoro, ku gaya mana inda hanya ta fi cin lokaci. Ƴan uwa na waje, ku aiko da saƙon murya, za mu sa a iska. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo mana da na nesa cikin alheri.